Motar Cikin Waya da Hanyar Tozai

 Ga wata magana da ta shigo gidajen ƙasar Gobir ta hannun yara, ba ta ko yi sallama ba.

Duk wanda ya zauna a rumfar mai cajin waya a Isa ko Sabon Birni, ko ya ga samarin Tozai sun taru bayan la'asar, ya san abin. Yaro ya riƙe waya a kwance da hannu biyu, yana karkata ta dama da hagu, jikinsa na bin ta, a cikin gilashin kuwa wata jar mota ce ke sheƙa gudu bisa kwalta mai santsi kamar daɓen ɗakin amarya. Abokansa sun rufe shi da kawuna, wannan na cewa taka birki, wancan na cewa ba ta wuta. Da abin ya tsaya a wasa, da ba a ɓata tawada a kansa ba. Amma akan kwana biyu sai yaron ya tari mahaifinsa, mutumin da ya yi shekaru yana tari kafin ya mallaki Kanta guda ta ɗaukar albasa da gero, ya ce, "Baba, ai na iya mota, a ba ni makulli in kai kayan nan Shinkafi." In aka tambaye shi inda ya koya sai ya nuna waya. Uban kuwa ya rasa ta cewa, domin ya ji labari a ƙasashen Turawa har matuƙan jirgin sama da irin wannan ake koya musu. To, gaskiya ne ana yi. Saura a san iyakar gaskiyar, gama dukiyar mutum da rayukan fasinja ke rataye da wannan tambaya.

Asalin abin ba wasa ba ne. A shekarar 1929 wani Ba'amurke, Edwin Link, ya ƙera wani akwati mai kamar kan jirgin sama, ya ɗora shi bisa zugazugi irin waɗanda ake sawa cikin kayan kiɗan da masana'antar mahaifinsa ke yi. In ɗalibi ya ja sanda sai zugazugin su karkata akwatin, ya ji kamar jirgi ne ya karkata, alhali bai bar ƙasa ba. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, matuƙa wajen rabin miliyan aka horar a cikinsa. Hikimar a fili take: kuskuren da zai kashe mutum a sama, gara ya yi shi sau ɗari a ɗaki. Cikin farkon shekarun 1950 wani kamfanin inshora mai suna Aetna ya kawo dabarar ga mota. Aka jera 'yan kujeru masu sitiyari da birki a ajin makaranta a New York, ana haska wa yara majigin hanya a bango, na'ura na rubuta kuskuren kowa. A lura da wanda ya biya kuɗin: mai biyan diyya in an yi haɗari. Ɗan kasuwa ba ya zuba jari inda bai hango riba ba.

Wasa ya biyo baya. A ƙarshen 1997 wani Bajapane, Kazunori Yamauchi, ya fitar da wasan Gran Turismo a na'urar PlayStation, bayan aikin shekara biyar. Abin da ya bambanta shi da na gabansa shi ne, motocin ciki na gaske ne da sunayensu, kowace da nauyinta da ƙarfin injinta, har mai jan gaba ba ta shan kwana yadda mai jan baya ke sha. An sayar da shi fiye da miliyan 10. Tun daga nan masu yin irin waɗannan wasanni suke tsere a tsakaninsu kan abu guda, watau wa zai fi kusa da zahiri.

Mai karatu zai zaci kusancin a hoto yake, ga ƙyallin fenti da inuwar itatuwa. A'a, wannan ado ne, kamar zayyana a gefen shafi. Wuyar aikin tana ƙasa, inda taya ta taɓa hanya. Mota komai girmanta, abin da ya haɗa ta da ƙasa wuri huɗu ne, kowane bai fi tafin hannu ba. Tafiya da tsayawa da shan kwana duk ta waɗannan tafuka huɗu suke wucewa, kuma riƙon da ke cikinsu kamar mudu ne, yana da iyaka. In birki ya cinye mudun, kwana ba ta samun komai, shi ya sa mai danne birki a tsakiyar kwana yake juya sitiyari mota ta ƙi bi. Wani malamin jami'ar Delft ta ƙasar Holan, Hans Pacejka, shi da abokan aikinsa suka tsara lissafin wannan riƙo cikin shekarun 1980, masu ƙera mota suka ɗauka, masu yin wasa su ma suka ɗauka. A manyan wasannin kwaikwayo kwamfuta na maimaita lissafin taya sau ɗari uku da 'yan kai cikin kowane sakan, tana duba zafin robar, da iskar da ke cikinta, da nauyin da ya faɗa mata sa'ad da mota ta sunkuya gaba don birki.

Sa'an nan hanyar kanta. Kamfanin iRacing, wanda ya buɗe wasansa a 2008, yakan aika ma'aikata filin tsere da na'urar awo mai harba haske, su bi shi taki taki, su ɗauko siffar kowane tudu da kowane faci. In aka zuba wannan cikin kwamfuta, ɗan ƙullutun da ke kwana ta uku a filin gaske yana nan a kwana ta uku a wasa. Mai wasan kuma ba waya yake karkatawa ba. Yana zaune gaban sitiyari mai ɗan inji a ciki, wanda ke yin nauyi in taya ta riƙe ƙasa, ya saki ya yi sakayau in ta fara zamewa, har hannu ya ji labari kafin ido ya gani. Kamfanin Marsandi ya wuce nan tun 1985, sa'ad da ya gina wani ɗaki a Berlin bisa ƙafafu shida masu motsi, ana shigar da mota sukutum a cikinsa.

Ko wannan duka ya haifi direba? Ya haifa, ba a musun abin da ido ya gani. A 2008 kamfanonin Nissan da Sony suka buɗe gasa, wanda ya fi kowa a wasan Gran Turismo a ba shi motar tsere ta gaske. Wani ɗalibi ɗan Sifen, Lucas Ordóñez, ya fara ci, a 2011 kuwa ya zo na biyu a ajinsa a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa. A wannan shekara ta 2011 wani saurayi ɗan Ingila mai shekara 19, Jann Mardenborough, ya kayar da mutum wajen 90,000, shekara biyu bayan haka shi ma ya zo na uku a ajinsa a Le Mans. Max Verstappen, wanda ya riƙe sarautar tseren Formula 1 shekara huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024, a watan Mayu na 2024 ya ci tseren gaske a Imola ta Italiya, cikin kwanakin nan kuma ya taya ƙungiyarsa cin wani tseren awa 24 na kwamfuta. Yaron da ya kawo wa mahaifinsa waɗannan sunaye bai yi ƙarya ba.

Sai dai akwai sauran labarin da yara ba su cika kawowa ba. Waɗanda suka ci gasar Nissan ba a miƙa musu makulli ranar da suka ajiye wasa ba. An kai su filin Silverstone a Ingila, aka tankaɗe aka rairaye, wanda ya fita aka yi watanni ana horar da shi cikin ƙananan motoci, ana gina masa wuya da ƙirji, sai da ya sami lasin kamar kowa. Duk da haka, ran 28 ga Maris 2015, a filin Nürburgring na Jamus, wanda tsawonsa ya kai kilomita 20 da ɗoriya, wanda kuma kusan kowane mai wasa ya haddace kwanoninsa, motar Mardenborough ta hau wani tudu da gudu, iska ta shiga ƙarƙashinta, ta ɗaga ta sama, ta tsallake shinge ta faɗa cikin 'yan kallo. Mutum guda ya mutu. Direban ya san hanyar, a kwamfuta da a zahiri, sani bai hana ba.

In haka ne ga mai na'ura ta sosai da malamai da fili, ina ga yaro mai waya? Yawancin wasannin da ke cikin wayoyin samari ba a yi su don kwaikwayon gaskiya ba, an yi su don daɗi. Mai yin su ya san in mota ta riƙa kifewa yaro zai gaji ya goge wasan, saboda haka ya ɓoye hannu a ciki yana gyara masa kuskure. Yana shiga kwana da gudun kilomita 200 motar ta bi, yana dukan bango ta yi tartsatsi ta wuce. Babu kuloci, babu nauyin sitiyari, birki kuwa maɓalli ne, ko a danne ko a sake, alhali rabin sana'ar direba sanin yawan abin da zai taka ne. Kama da wane ba ta wane. Wanda ya saba da wannan bai tsaya ga rashin iyawa kaɗai ba, ya koyi abin da sai an kankare masa shi.

A ɗauka ma an kawo wa yaron na'urar da ta fi kowace, an ajiye masa a Tozai. Hanyar da ke cikinta ta wa ce? Ba wanda ya zo da ma'aunin haske ya bi daga Tozai zuwa Isa, ko daga Isa zuwa Sabon Birni, ko ya gangara Shinkafi ya nufi Ƙaura Namoda. Ko da ya zo, awon nasa ba zai shekara ba. Filin tseren Turawa yau da gobe ɗaya ne, hanyar burji kuwa kowace damina tana sake kama. Inda aka bi lafiya da bazara, ruwan dare ɗaya ya yanke shi ya bar kwazazzabo. Fadamun Bunsuru da Rima in sun sha ruwa laka ce mai riƙe taya, da rani kuma rairayi, wanda direba ke rage wa taya iska kafin ya shiga, ya sa giyar da ta dace tun daga baki, gama wanda ya canza giya a tsakiyar rairayi nan zai kwana. Ga gargada, wadda in an bi ta a hankali take kwance kowace ƙusa a jikin mota, in an bi ta da gudu mota ta yi lumui, amma lumui na yaudara ne, domin a lokacin tayoyin tsalle suke bisa kawunan tudun, rabin lokaci ba su taɓa ƙasa ba, sitiyari da birki duk aro ne. Wasu wasanni sun yi ƙoƙari a nan, kamar na WRC da ya fito a 2023 da hanyoyin Kenya masu ƙura. Amma a can an rufe hanya an ba direba shi kaɗai. Ba jaki da kayan kara, ba raƙumi da ya tsaya yana kallon mota, ba garken shanu, ba ɗan kabu-kabu da ya ɗauko mutum uku ya faɗo daga lungu, ba hazon hunturu, ba fitila guda da dare wadda mutum bai sani ba ko babur ne ko babbar mota ce mai ido ɗaya.

Ga ɗan lissafi, fatake sun fi kowa son lissafi. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin mita 28 kowane sakan, watau kafin direba ya ga jaki ya ɗaga ƙafa ya kai ta birki, ta riga ta wuce mita talatin ko arba'in. Bisa busasshiyar kwalta, mai gudun 50 birki na tsayar da ita cikin kamar mita 14. Mai gudun 100 ba 28 take bukata ba, 56 ne, domin in gudu ya ninka sau biyu nisan tsayawa sau huɗu yake ninkawa. Bisa tsakuwar burji kuwa wannan ma yana iya sake ninkawa. Na'ura mai kyau ta san wannan lissafi sarai. Abin da ba ta sani ba shi ne motar. Ita motarta sabuwa ce, tayoyinta huɗu iri ɗaya. Kantar kasuwa kuwa an yi mata lodin buhu har ya wuce kanta, mutane goma sun hau bisa, nauyi ya koma sama, taya ɗaya ta sha faci, birkin baya sai an buga sau biyu. Irin wannan ba ta zamewa a kwana yadda motar wasa ke yi, kwantawa take.

Akwai kuma abin da jiki ke sani. A cikin kunnen mutum akwai wani ma'auni da ke gaya masa ya karkata ko ya tsaya, direban gaske da shi yake jin bayan mota ya fara zamewa, da shi da kujerar da yake zaune a kai. Mai kallon allo ba shi da wannan. Shi ya sa wasu in sun zauna cikin na'urar kwaikwayo sukan ji jiri da tashin zuciya, ido na cewa ana tafiya kunne na cewa ana zaune. Babban rashi kuwa shi ne maɓallin sakewa. A wasa mutum ya kife sau goma, ya danna, ga mota sabuwa. Wannan shi ne amfanin na'urar a hannun malami, tun zamanin Link. A hannun yaro shi kaɗai kuwa, abin da yake koya masa shi ne kifewa ba ta da farashi.

Kada a ce saboda haka abin banza ne, wannan ma wuce gona da iri ne. Na'ura na koyar da alamun hanya, da duban madubi, da jefa ido nesa maimakon kan bonet, da sanin inda ake fara rage gudu kafin kwana. Gwamnatin Legas ta buɗe makarantar sake horar da direbobi a 2009 ta sa irin waɗannan na'urori a ciki. Hukumar kiyaye haɗura ta tarayya, wadda aka kafa a 1988, ta ɗora sharaɗin shiga makarantar tuƙi da aka yarda da ita kafin a ba sabon direba lasin, wasan waya kuwa ba ya cikin lissafinta. In ma yaro zai yi wasa, akwai wanda ya fi kusa da sana'ar ubansa. Euro Truck Simulator 2, wanda wani kamfani a Prague ya fitar a 2012, ba tsere a cikinsa. Kaya ake ba ka ka kai wani gari, ka sayi mai, ka tsaya ka yi barci, in ka yi gudu a ci ka tara, in kaya sun lalace a yanke maka lada, a ƙarshe ka juya tirela da baya ka sa ta a wurinta. Wanda ya tsara shi ya fahimci cewa direban kaya ba da gudu yake cin abinci ba.

Tashoshin ƙasar nan suna da tasu makarantar tun zuwan mota, ko da yake ba ta da allo. Yaron mota yakan fara da wanki da ɗaure kaya da sa weji. Yana kwance ƙarƙashin mota yana miƙa sifana, yana zaune a baya yana jin kukan inji shekara da shekaru, har ya san muryarta in tana lafiya da in ba ta. Sa'an nan maigidansa ya bar shi ya tayar da ita da safe, ya matsa da ita gaba da baya cikin tasha, daga baya ya ba shi fili in ba kaya. Makarantar tana da aibunta, gama maigida yakan gadar da mugun halinsa tare da iyawarsa, alamun hanya kuwa sai wanda ya ci sa'a. A nan ne na'ura za ta iya cike gurbi. Amma yaron da ya fito daga cikinta ya taɓa tura mota a rairayi, ya taɓa ganin abin da ya rage bayan haɗari.

Saura abu guda da ba kamfanin da ya sa a wasa. Tseren Paris zuwa Dakar, wanda aka fara a ƙarshen 1978, ya yi shekaru yana ratsa Agadas da hamadar Tenere. Rairayi bai kore shi ba. A 2008 aka soke shi saboda barazanar 'yan bindiga a Muritaniya, ya koma Kudancin Amurka, daga 2020 kuma Saudiyya. Masu tsere suna da inda za su koma. Direban Gobir hanyarsa ke nan. A watan Disamba na 2021 aka tare motar fasinja da ta taso daga Sabon Birni, kusa da Gidan Bawa, aka cinna mata wuta, mutum fiye da 20 suka rasu. A watan Yuli na 2024 aka tare Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a Kwanar Maharba yana komawa gida daga Sakkwato, cikin Agusta aka ji rasuwarsa a hannun waɗanda suka ɗauke shi. Allah ya ji ƙansu.

Saboda haka direban wannan yanki yana da wani karatu da ba ya cikin sitiyari. Kafin ya tashi yakan tambayi wanda ya iso yanzu yaya hanya. Ya san sa'ar da ake fita da sa'ar da ba a fita, ya san inda ake jira a taru a tafi tare. In ya kusa wurin da ake tsoro sai ya kashe rediyo, ya sauke gilashi, fasinja su yi tsit. Idonsa na kan ɗaya hannun hanyar, yana ƙidaya. In ya yi tafiya mai ɗan nisa bai gamu da mota ko babur ko guda daga gaba ba, sai ya sauka gefe a ƙauye na farko, ya kashe inji, ya jira har wani ya ɓullo.